Kafa da Ƙafa: Mahaɗan Allon Gwaji na Lantarki, da Misali Daga Gonakin Jazira

1.0 Gabatarwa

Wannan darasi zai yi bayani ne a kan wani ɗan allo na lantarki wanda bai wuce tafin hannu ba, da ake kira allon gwaji, musamman mahaɗan da ke jikinsa, wato kafar USB da kuma jerin kafofin da ake jona masa wasu na'urori. An zaɓi wannan batu ne domin ɗalibi ya ga yadda Hausa ke ɗaukar bayanin fasaha da kalmominta na yau da kullum. An kuma ɗauko misalan daga yankin Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, inda akwai ƙauyukan Hausawa da yawa waɗanda abincinsu ya rataya a kan ruwan ban-ruwa. Abin da ake so ɗalibi ya riƙe shi ne, komai ƙarfin ƙwaƙwalwar allo, ta kafofinsa kaɗai take iya yin aiki, kuma kowace kafa tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka.

2.0 Wurin da Aka Ɗauko Misali

Kalmar Jazira Larabci ce, ma'anarta tsibiri, kuma ana nufin filin da ke tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, kudu da Khartum. Hausawa da Fulani sun daɗe suna ratsa Sudan a kan hanyarsu ta zuwa Makka, wasu kuma suka zauna. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na I, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas. Wajen 1906 suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, wanda har yau ake kira Mai Wurno.

A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe shirin noman Jazira domin noman auduga. Bayan da aka ƙara masa ɓangaren Manakil, faɗinsa ya kai faddan miliyan biyu da 'yan kai, kuma faddan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne. Hausawa da yawa sun yi aikin tsinkar auduga da ƙwadago a wannan shiri, suna zaune a matsugunan ma'aikata da ake kira kambo.

Ruwan Jazira ba a tura shi da inji, gangarowa yake yi da kansa. Yana fita daga madatsa zuwa babbar hanya, daga nan ya rarrabu zuwa hanyoyi matsakaita, sannan ƙanana. Da Larabci ana kiran irin wannan hanyar ruwa tur'a. Daga ƙaramar tur'a ruwan ke shiga wata lamba da ake kira Abu Ishrin, wadda ke shayar da fili mai faddan 90, sai kuma Abu Sitta, wadda ke kai shi gonar manomi, wato hawasha. A tsarin asali, kowace gona tana shan ruwa sau ɗaya a kwana 14. A kowane mataki akwai ƙofa ko bututu mai iyakar ruwan da zai iya wucewa. Wannan tsari ne zai taimaka mana wajen fahimtar yadda wuta ke rarrabuwa a cikin allon gwaji.

3.0 Mene ne Allon Gwaji?

Akwai wani ɗan guntu na lantarki, baƙi, mai ƙafafun ƙarfe a gefensa, wanda a nan za mu kira ƙwaƙwalwar sarrafawa. Ƙaramar kwamfuta ce cikakkiya: tana da sashen lissafi, tana da ma'ajiya, tana kuma bin umarnin da aka rubuta mata. Irinta ce ke cikin injin wanki da rimot ɗin talabijin da mitar wuta. Matsalarta ita ce ƙafafunta ƙanana ne, kuma ba a iya jona ta da kwamfuta kai tsaye. Saboda haka aka ɗora ta a kan allo, aka haɗa ta da duk abin da take bukata, aka kuma fito da ƙafafunta zuwa bakin allon inda hannun mutum zai iya kaiwa. Wannan shi ne allon gwaji.

Wanda ya fi shahara shi ne Arduino. An fara yin sa a 2005 a garin Ivrea na ƙasar Italiya, a wata makarantar koyon zayyana, kuma cikin waɗanda suka ƙirƙiro shi akwai Massimo Banzi da David Cuartielles. Nau'in da ake kira Uno ya fito a 2010. Tsawonsa bai cika santimita 7 ba, faɗinsa ya ɗara santimita 5 kaɗan. Ƙwaƙwalwarsa ita ce ATmega328P, mai ma'ajiyar umarni ta kilobait 32. Hoto ɗaya na wayar hannu ya fi ƙarfin wannan ma'ajiya, amma ta wadatar wajen auna ruwa ko kunna inji. Akwai wasu alluna kamar ESP32 na kamfanin Espressif na Shanghai, wanda ya fito a 2016, da Raspberry Pi Pico na 2021. A wannan darasi Uno za mu riƙa dubawa.

4.0 Kafar USB

4.1 Asalinta da abin da ke cikinta

Kafin 1996, kusan kowace na'ura da ake jona wa kwamfuta tana da irin nata baki: na injin buga takarda daban, na allon rubutu daban. Sai wasu kamfanoni bakwai, ciki har da Intel da Microsoft da IBM, suka haɗu suka fito da baki ɗaya da zai yi wa kowa aiki, suka kira shi USB. Na farko ya fito a watan Janairu na 1996 da gudun da bai wuce megabit 12 a daƙiƙa ba. A 2000 aka fito da USB 2.0 mai megabit 480, a 2008 kuma USB 3.0 mai gigabit 5.

Idan aka feɗe kebul ɗin USB 2.0, za a tarar da silin waya huɗu. A al'ada, ja shi ke kawo wuta mai bolt 5, baƙi shi ke mayar da ita, fari da kore kuma su ke ɗaukar saƙo. Ke nan kafar USB aiki biyu take yi lokaci guda, tana ciyar da allo da wuta, tana kuma kai masa umarnin da aka rubuta a kwamfuta.

Ya kamata a bambance bolt da amfiya. Bolt kamar ƙarfin turowar ruwa ne, wato yadda ruwan tur'a ya fi gona tudu. Amfiya kuwa ita ce yawan ruwan da ke wucewa ta bututu a lokaci guda. Kafar USB 2.0 ta kwamfuta tana ba da bolt 5, amma abin da aka ƙayyade mata shi ne miliamfiya 500, wato rabin amfiya. A kan Uno akwai wani fis wanda ke yanke wuta idan aka ja fiye da haka, ya kuma dawo da ita da kansa bayan ya huce. Aikinsa shi ne kare kwamfutar da aka jona.

Ƙwaƙwalwar ATmega328P ba ta jin yaren USB. Saboda haka akwai wani ɗan guntu na biyu kusa da kafar wanda ke yi mata tafinta. A Uno na asali, bugu na uku, sunansa ATmega16U2. A alluna masu araha da ake kwaikwayo a Sin, yawanci CH340 ne. Wani lokaci kwamfuta ba ta gane allo sai an sa mata manhajar wannan tafinta.

4.2 Ire-iren baki

Bakin USB ba iri ɗaya ba ne. Nau'in A shi ne mai faɗi da ke jikin kwamfuta da kan caja. Nau'in B mai kusurwa huɗu ne, irin na injin buga takarda, kuma shi ne a jikin Uno. Akwai maikuro, wanda ya fito a 2007 ya zama bakin cajin yawancin wayoyin hannu, shi ne kuma a jikin Pico. Sai nau'in C na 2014, mai ƙafafu 24, wanda ba shi da sama ba shi da ƙasa, duk yadda aka juya shi zai shiga. Sabon Uno na 2023 da ake kira R4 nau'in C yake da shi. Tun daga ƙarshen Disamba na 2024, dokar Tarayyar Turai ta tilasta wa sababbin wayoyin da ake sayarwa a can amfani da wannan baki.

Abubuwa biyu sukan ruɗa mai koyo. Na farko, akwai kebul na caji zalla, wanda aka cire wa silin saƙo domin araha. Da shi fitilar allo za ta kama, amma kwamfuta ba za ta san an jona komai ba. Na biyu, cajar nau'in C ba ta sakin wuta sai ta ga alamar cewa na'ura ce a ɗaya ɓangaren. Wannan alama ƙananan rizisto biyu ne masu kilo'om 5.1. Wasu alluna masu araha ba a sa musu su ba, saboda haka ba sa kamawa da kebul mai kai C a kowane gefe, sai mai A a gefe ɗaya.

4.3 Mai masauki da baƙo

A tsarin USB, ɗaya daga cikin na'urori biyu da aka haɗa shi ne mai masauki, ɗayan kuma baƙo. Mai masauki shi ke ba da wuta, shi ke fara magana. Baƙo ba ya cewa komai sai an tambaye shi. Kwamfuta mai masauki ce, Uno kuwa baƙo ne. Filashi ma baƙo ne. Shi ya sa ba a iya jona filashi da Uno kai tsaye a karanta abin da ke ciki, domin baƙi biyu ne suka haɗu, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara.

5.0 Kafofin Ƙari

A gefe biyu na allon akwai jerin baƙaƙen robobi masu 'yan ramuka. Tazarar da ke tsakanin rami da rami milimita 2.54 ce. Waɗannan su ne kafofin ƙari, domin ta cikinsu ake ƙara wa allo abin da bai zo da shi ba. Idan kafar USB ita ce babbar hanyar ruwa, waɗannan su ne Abu Sitta da ke kai shi kowace gona. Sun kasu kamar haka:

(a) Kafofin wuta. An rubuta musu 5V da 3.3V da GND. Biyun farko suna ba wa ƙananan na'urori wuta, GND kuma ita ce hanyar komawa. Wuta ba ta gudu sai ta sami hanyar da za ta koma inda ta fito, don haka duk na'urar da aka jona sai an haɗa ta da GND.

(b) Kafofin kunna-kashe. Guda 14 ne, daga 0 zuwa 13. Kowace ɗaya hali biyu kawai ta sani, ko akwai bolt 5 ko babu. Ana iya sa ta saurare, kamar ta gane an danna maɓalli, ana kuma iya sa ta ba da umarni, kamar ta kunna fitila. Shida daga cikinsu, wato 3 da 5 da 6 da 9 da 10 da 11, suna iya kunnawa da kashewa sau ɗaruruwa a daƙiƙa, ta yadda fitila za ta yi dishi-dishi ko ta yi haske sosai.

(c) Kafofin awo. Guda 6 ne, daga A0 zuwa A5. Waɗannan suna auna ƙarfin wuta daga sifili zuwa bolt 5, su mayar da shi lamba daga 0 zuwa 1023. Nan ake jona ma'aunin danshin ƙasa ko na haske.

(d) Kafofin hira. Wasu daga cikin kafofin da aka ambata suna da aiki na biyu, wato musayar saƙo da wasu na'urori. Kafa ta 0 da ta 1 su ne hanyar da ƙwaƙwalwa ke magana da tafintan USB, saboda haka idan aka jona musu wani abu, yana iya hana umarni shiga daga kwamfuta. A4 da A5 suna ɗaukar wani tsari da ake kira I2C, inda waya biyu kacal ke iya ɗaukar na'urori da yawa, kowace da lambarta, kamar gidaje a layi ɗaya.

Tun da wuraren kafofin Uno ba sa canzawa, ana ƙera wasu alluna masu ƙafafu da ke zama a kansa daidai, kamar an kifa faifai a kan ƙwarya. Masu Arduino suna kiran irin wannan allo da sunan da ke nufin garkuwa. Akwai garkuwar katin ajiya, akwai ta juya mota, akwai kuma wadda ke mayar da Uno mai masauki har ya karanta filashi.

Iyakar kafa ɗaya ta kunna-kashe ita ce miliamfiya 20 a aikin kullum, kuma idan aka wuce 40 tana iya ƙonewa. Wannan ya isa kunna ɗan ƙwan fitila, amma ko kusa bai isa juya inji ba. Haka kuma ESP32 da Pico da bolt 3.3 suke aiki, saboda haka bai kamata a tura bolt 5 cikin kafofinsu ba, ko da kuwa waya ta shiga ramin daidai.

6.0 Misali: Auna Ruwa a Tur'a

Laka da ciyawa da ke cike hanyoyin ruwa tsohuwar matsala ce a Jazira, kuma manomin da gonarsa ke ƙarshen tur'a shi ya fi shan wahalarta. Bari mu ga yadda za a haɗa allon da zai riƙa auna zurfin ruwa.

Akwai ma'aunin nisa mai suna HC-SR04, mai ƙafafu huɗu. Biyu suna zuwa 5V da GND, biyu kuma suna zuwa kafofin kunna-kashe. Yana sakin wani sauti da kunnen mutum ba ya ji, ya jira amsa-kuwwarsa ta dawo. Kowace santimita ɗaya tana cin kimanin maikurodaƙiƙa 58, zuwa da dawowa. A ce an rataye shi santimita 150 sama da gindin tur'a yana kallon ruwa, sai amsa ta dawo bayan maikurodaƙiƙa 2,900. Idan aka raba da 58 za a sami 50. Ke nan fuskar ruwa tana santimita 50 ƙasa da ma'auni, zurfin ruwan kuma santimita 100 ne.

Sai dai gudun sauti yana ƙaruwa da zafi. A ma'aunin zafi 20 yana gudun kimanin mita 343 a daƙiƙa, a 40 kuwa kimanin 355, kuma zafin Jazira a bazara yakan wuce 40. Wannan zai kawo kuskuren kashi 3 zuwa 4 cikin 100. Maganinsa shi ne a jona ma'aunin zafi a wata kafar da ba a yi amfani da ita ba, a sa ƙwaƙwalwa ta gyara lissafin. A nan ne amfanin kafofin ƙari yake fitowa fili.

Saura batun wuta. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu na 2023 ya kai Jazira a Disambar wannan shekara, lokacin da dakarun RSF suka kama Wad Madani, kafin sojoji su ƙwato ta a Janairun 2025. Wutar lantarki ta yanke a wurare da yawa na tsawon lokaci, layukan waya ma sun ɗauke a Fabrairun 2024. A irin wannan hali, duk wanda ke cajin waya da faifan sola ko fawa banki ya riga ya mallaki bolt 5 ta bakin USB, wato irin wutar da allon gwaji ke ci. Uno da ma'aunin nisa suna jan kimanin miliamfiya 65. Bisa lissafi, fawa banki mai lamba 10,000 zai riƙe su kusan kwana huɗu. Amma a lura, wasu fawa banki sukan kashe kansu idan abin da ake ja ya yi kaɗan, domin suna zaton waya ta cika.

Idan ana so allon ya aika wa manomi saƙon tes, akwai na'urar layin waya mai suna SIM800L. Lokacin da take neman layi takan fizgi wuta har amfiya 2, wato ninki huɗu na abin da kafar USB 2.0 ke bayarwa, kuma wajen bolt 4 take so. Dole a ba ta nata batir, a kuma haɗa GND ɗinta da ta allo. Haka nan idan famfon lantarki ake so a kunna a gonar bakin kogi. Wutar gida a Sudan bolt 230 ce, kuma ba ta da hurumi a jikin allo. Kafar allo rile kawai za ta taɓa, wato makunnin da ƙaramar wuta ke motsawa, shi kuma ya buɗe wa babbar wuta hanya. Wannan ɓangare aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne.

7.0 Nazarin Kalmomi

Ɗalibi zai lura da kalmomi biyu da suka yi ta maimaituwa. Kafa, jam'i kafofi, tana nufin ƙaramin rami ko hanyar wucewa, kuma karin sautinta sama-sama ne. Ƙafa, jam'i ƙafafu, gaɓar jiki ce, karin sautinta sama-ƙasa. A jikin allo, ƙafa ita ce tsinken ƙarfe, kafa kuma ita ce ramin da yake shiga. Wanda ya manta da ƙugiyar harafin ƙ ya juya ma'anar jimlarsa. Akwai kuma aikatau kafa, kamar a jimlar "suka kafa gari" da ke sashe na 2.0, wanda rubutunsa ɗaya da sunan rami, amma karin sautinsa sama-ƙasa ne.

Wannan misali ne na faɗaɗa ma'ana, inda ake ɗaukar sunan gaɓar jiki a ba wa wani abu. Haka baki da kai da ƙwaƙwalwa suka yi aiki a wannan darasi. Kalmar waya ma ta faɗaɗa: asalinta silin ƙarfe, daga nan ta koma tarho, har ta kai ga wayar hannu wadda ba ta da waya ko ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce aro. Hausar Nijeriya ta aro caja da kebul da batir da fis daga Turanci. A kasuwannin Sinnar da Wad Madani kuwa da Larabci ake ciniki, inda caja sunanta shahin, waya silik, lantarki kuma kahraba. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya wallafa littafi a 1999 a kan yadda Hausar Sudan ke sajewa da Larabci. Darasin da ke nan ga mai fassara shi ne, kalmar aro takan tsaya a iyakar ƙasa, amma kafa da ƙafa da baki Bahaushen Kano da na bakin Shuɗin Nilu duk za su gane su.

8.0 Kammalawa

An ga cewa allon gwaji yana da hanyoyi iri biyu. Kafar USB tana kawo wuta mai bolt 5 da umarni ta silin waya huɗu, kafofin ƙari kuma suna haɗa ƙwaƙwalwa da ma'aunai da makunnai. An kuma ga iyakar kowace: miliamfiya 500 ga kafar USB 2.0, miliamfiya 20 ga kafa ɗaya ta kunna-kashe. Kafin a jona kowace na'ura, sai a tambayi bolt nawa take so, amfiya nawa take ja, sannan ko an haɗa ta da GND.

Tambayoyin Bita

1. Bayyana bambancin bolt da amfiya ta amfani da misalin ruwan tur'a.
2. Me ya sa fitilar allo za ta kama amma kwamfuta ta kasa ganin sa?
3. An rataye ma'auni santimita 200 sama da gindin tur'a, amsa ta dawo bayan maikurodaƙiƙa 4,640. Nawa ne zurfin ruwan?
4. Gina jimloli uku, ɗaya da kafa a matsayin suna, ɗaya da kafa a matsayin aikatau, ɗaya kuma da ƙafa.
5. Kawo wasu sunayen gaɓoɓin jiki guda biyar da Hausawa ke ba wa sassan mota ko keke.